Yawon cin abincin titi a Palermo: giyar da sauƙi, kitsen aladen ne aiki

Idan Allah ya kai ka Palermo, babban birnin tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya, kuma kana da rabin yini a hannunka, yawon cin abincin titi tare da ɗan jagora ya cancanci kuɗinsa. Sai dai Musulmi ya shiga da shiri. Tallar yawon cewa take yi "abincin titi da giya", don haka hankalin kowa kan giyar zai fara zuwa. Ita giya ai a kofi take zuwa, kana ganinta, ka ce ba ka sha, magana ta ƙare. Wanda ya ba mu aiki shi ne narkakken kitsen alade da suke kira strutto, domin shi ba ya sallama. Yana cikin ƙullin burodi, yana cikin kaskon suya, har kayan zaƙi bai bari ba.

Ni da mai ɗakina muka yi rajista ta intanet da ɗaya daga cikin kamfanonin da ke wannan sana'a, kuma suna da yawa a birnin. Kuɗin kowane mutum ya ɗan haura Yuro 50, an haɗa da abinci da abin sha. A fom ɗin akwai gurbin rubuta abin da ba ka ci, na rubuta dalla-dalla cewa ba ma cin alade kuma ba ma shan giya. Amsa ta dawo da sauri: babu matsala. Da muka hallara a gaban Teatro Massimo, katafaren gidan wasan da aka buɗe a 1897, sai muka tarar saƙon bai taɓa isa wurin jagorar ba. Wannan laifin ofishinsu ne, kuma ba ƙarami ba ne. Da wani ciwo ne ya hana mutum cin wani abu, da an yi ɓarna. Ita dai jagorar, wata 'yar asalin birnin mai matsakaicin shekaru, ba ta daburce ba. Ta ciro takarda ta tambaye mu: "Naman kawai, ko har da kitsen?" Daga wannan tambayar na san ta san aikinta.

Ta ƙofar Porta Carini muka shiga kasuwar Capo, wani dogon lungu mai ƙunci da aka yi wa rumfa da tamfol kala-kala, ƙasa jiƙe da ruwan ƙanƙarar masu kifi. 'Yan kasuwar suna tallar haja da wani irin ihu mai kama da waƙa, a yaren Sisili, wanda ko Ba'italiyen Milan sai ya kasa kunne sosai. Abin da aka fara miƙo mana shi ne panelle. Garin wani wake ne, wanda Larabawa ke kira hummus, ake damawa a wuta da ruwa da gishiri har ya yi kauri, a shimfiɗa shi siriri ya huce, a yanka, a soya a ruwan mai, a cusa cikin burodi mai riɗi a matsa lemon tsami. Duk wanda ya taɓa karya kumallo da burodi da ƙosai zai gane shi tun daga lomar farko, sai dai babu yaji ko kaɗan, kuma ya fi ƙosai siranta da ƙaras-ƙaras. Tare da shi ake ba da crocchè, dakakken dankalin Turawa da aka mulmula dogo-dogo aka soya. Jagorar ta leƙa ta tambayi mai suyar irin man da ke kasko da kuma abin da ke cikin burodin kafin ta ba mu. Cikin duk abin da na ci a ranar, panelle ɗin nan ne zan koma dominsa, kuma shi ne mafi arha.

Sai arancina, dunƙulen shinkafa kamar girman lemon zaƙi, da aka cusa wa haɗi a ciki, aka birkiɗa cikin garin busasshen burodi aka soya. Mutanen Palermo suna ji da ita ƙwarai, har ranar 13 ga Disamba, ranar waliyyarsu Santa Lucia, sukan bar burodi da taliya su wuni kan arancina, don tunawa da jirgin hatsin da ya iso a lokacin yunwar 1646. Iri biyu ne na gargajiya, kuma a nan tarkon yake. Ɗaya mai niƙaƙƙen nama da koren wake, wanda wasu ke gauraya sa da alade. Ɗayar kuma sunanta al burro, wato mai man shanu, wanda ya ji sunan zai ɗauka lafiya lau ce, alhali yankakken naman alade ne a ciki tare da cuku. Mu mai alayyafo aka samo mana daga wani shago na gaba. Ta yi daɗi, amma tana da nauyi. Ku raba ɗaya ku biyu idan kuna son ciki ya kai ƙarshen yawon.

Sfincione, wani lallausan burodi mai kauri da ake shafa wa miyar tumatir da albasa da ƙananan kifi masu gishiri, wucewa muka yi. Mai keken da ke sayarwa ya ce bai san abin da gidan burodin ya sa a ƙullin ba, jagorar kuma ta ce da yawa suna sa strutto. Na ji daɗin yadda ba ta yi mana kame-kame ba.

Daga ƙarshen kasuwar zuwa babbar majami'ar birnin ɗan taki ne. An gina ta a 1185 a gurbin da babban masallacin Juma'a ya taɓa tsayawa. A jikin ginshiƙi na farko ta hagu, a barandar ƙofar shiga, akwai rubutun Larabci da aka sassaƙa cikin dutse: aya ta 54 ce ta Suratul A'arafi. Mai ɗakina ta tsaya tana bin haruffan da ido, ta ce, "Abban Ummi, zo ka gani, Alƙur'ani ne fa." Jagorar ta ba wurin minti uku ko ƙasa da haka, ta ce "zamanin Larabawa", aka wuce. A nan ne na ga gajartar yawon. Rundunar Musulmin da ta sauka a Mazara, wani gari a gaɓar Sisili, a 827 daga Tunisiya ta yau, wanda ya jagorance ta shi ne Asad ibn al-Furat, alƙalin Ƙairawan, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina. Ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa, Palermo kuma ta faɗa hannun Musulmi a 831, ta zauna haka har Normanawa, mayaƙan Kirista 'yan asalin arewacin Faransa, suka karɓe ta a 1072. Matafiyin nan Ibn Hawƙal, da ya zo wajajen 973, ya ce masallatan birnin sun haura 300. Mu da muka tashi kan mazhabar Malikiyya, wannan ba tarihin wasu can ba ne. Ban zargi jagorar ba, abinci aka ɗauke ta ta nuna, sauran 'yan tawagar ma cikinsu suke ji. Amma ta cika jingina komai ga Larabawa ba tare da tantancewa ba. Lemo da rake da hanyoyin ban-ruwa na ƙarƙashin ƙasa, wannan sananne ne. Amma a ce kowane abu mai shinkafa ko sukari su suka ƙirƙiro shi, wannan zaƙin bakin masu yawon buɗe ido ne.

Ballarò ita ce kasuwar da ta fi rai, kuma ta fi hayaniya da datti. A nan mazauna birnin ke cefane da gaske. Za ka ga 'yan Bangaladash da 'yan Tunisiya da 'yan Gana da Gambiya da Najeriya suna da shaguna, ga doya da manja da busasshen kifi a gefen cukun Sisili, ga mahauta masu allon halal. A nan aka kawo abincin da ake yi wa kirari, pani câ meusa: saifa da huhun maraƙi da aka dafa, aka yanka siriri, ake juyawa cikin wani karkataccen kasko, a kwasa a matse a cusa cikin burodi. Ko a ci da lemon tsami kawai, ko a ƙara cuku. Abin da ke tafasa a kaskon kuwa strutto ne tsantsa. Labarin da ake bayarwa shi ne mahautan Yahudawa ne suka fara shi, domin da kayan ciki ake biyansu ladan yanka, kafin sarakunan Sifen su ba da umarnin korarsu a 1492. In haka ne, to kitsen aladen daga baya ya shigo, domin su ma ba sa ci. Kallo muka yi. Wata Bajamushiya a tawagar ta ci loma ɗaya ta miƙa wa mijinta, shi kuwa ya cinye biyun.

Hayaƙin stigghiola ya fi jarrabata. Hanjin ɗan rago ko na maraƙi ne ake naɗewa a jikin ganyen albasa a gasa kan gawayi, a yayyanka a barbaɗa gishiri. Babu alade a ciki, amma sai maganar yanka ta taso. Kowa da abin da ya karanta a gaban malamansa game da yankan ma'abota Littafi. Mu dai mun tsaya kan kifi da ganye. A madadinsu jagorar ta sayo mana sarde a beccafico, kifin sadin da aka cire wa ƙaya, aka naɗe da garin burodi da zabibi da ɗan ruwan lemo aka gasa. Zaƙi-zaƙi, gishiri-gishiri. Ba ya cikin tsarin yawon, ita ta yi wannan dabarar, kuma da ni kaɗai ne da ko kallonsa ba zan yi ba a cikin gilashin shagon. Wannan ne ainihin abin da kake saya idan ka biya ɗan jagora: mutumin da masu suya suka sani, wanda zai tambaye su da yarensu abin da ke cikin tukunya su gaya masa gaskiya.

Giyar a Vucciria ta zo, bayan mun ratsa mahaɗar Quattro Canti. Vucciria tsohuwar kasuwa ce da ta kusa mutuwa da rana, har yanzu akwai gidajen da ruwan bama-bamai na 1943 ya bari a rushe, da dare kuma ta zama matattarar mashaya. An shiga wata ƙaramar mashaya, aka jera kofuna: fara da ake kira Grillo, ja da ake kira Nero d'Avola, sai mai zaƙi ta Marsala, wadda wani ɗan kasuwar Ingila, John Woodhouse, ya fara fitarwa waje tun 1773. Ɗanɗanonsu ba ni da ta cewa. Waɗanda suka sha sun yaba wa jar, ɗaya kuma ya yi ƙorafin an zuba kaɗan. Mu ba mu zauna a teburin ba. Mun fito dandalin, jagorar ta sa aka matse mana ruwan rumman da lemon zaƙi, muka sha a tsaye. Babu wanda ya yi mana kallon banza, babu wanda ya ce ɗan ɗanɗana mana. Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne wannan zangon ya fi kowanne tsawo, ya kusa rabin sa'a, kuma kuɗin giyar yana cikin abin da muka biya, ba a rage mana ko sisi ba. Na tambaya tun wajen rajista, aka ce farashi ɗaya ne.

An rufe da cannolo, soyayyen ɓawo mai kamar bututu da ake cika wa cukun madarar tumaki mai sukari. Shi ma a girkin gargajiya ƙullin ɓawon yana da strutto, ana kuma zuba masa ɗan giya. Mun samu granita ta lemon tsami, wato niƙaƙƙiyar ƙanƙara mai zaƙi da tsami, wadda bayan soye-soyen nan ita ce cikin ke nema.

Wasu ƙananan abubuwa. Tawagar ta yi yawa ga irin waɗannan lungunan. In kana baya ba ka jin rabin bayanin, ga babura suna kutsowa tsakiyar mutane. Kusan duk a tsaye ake ci, kuma ba a tanadi wurin zagayawa ba sai a mashayar. Duwatsun titin suna da santsi, a sa takalmi mai kama ƙasa. Mai ciwon gwiwa ko mai ƙaramin yaro zai sha wuya. A riƙe jaka ta gaba a Ballarò. Wanda azahar ta riske shi, akwai masallaci a Piazza Gran Cancelliere, tsohuwar coci ce da aka mayar masallaci a 1990, ba nisa da babban titin da ya tashi daga majami'ar zuwa Quattro Canti.

In lissafin kuɗi za a bi, abin da ya shiga cikinmu bai kai rabin abin da muka biya ba, tunda a lokacin arancina ɗaya ba ta wuce Yuro uku ba. Duk da haka zan ba jagorar maki huɗu da rabi cikin biyar, kamfanin kuma uku. Wanda zai je ya nemi yawon safe, domin na dare ya fi karkata ga shaye-shaye. Ya yi shi a ranar farko, saboda sauran kwanakin ya san shagunan da zai koma shi kaɗai. Ya tambaya ko suna da tsarin masu cin ganye da kifi, ko na ƙaramar tawaga ta iyali, sannan ya sake maimaita wa jagora buƙatarsa baki da baki kafin a ɗaga ƙafa. Kuma ya rubuta wannan a wayarsa don nuna wa masu suya: senza maiale, senza strutto, senza vino, ma'ana ban da alade, ban da kitsensa, ban da giya.