Waya ko Cikon Ƙashi: Wanne Ya Dace Kafin Dashen Haƙori?

Mai son dashen haƙori yakan fara da tambayar kuɗi, shi kuwa likita ƙashin muƙamuƙi yake fara dubawa. Dashen nan ƙusa ce ta ƙarfen taitaniyam da ake murɗawa cikin ƙashi har su haɗe, dabarar da likitan nan ɗan ƙasar Suwidin, Brånemark, ya fara yi wa mutum a 1965. In ƙashin ya yi siriri, ƙusar ba ta da madafa. Ga shi kuma da zarar an cire haƙori, ƙashin gurbin sai ya kama zaizayewa: cikin shekara guda faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi, yawanci ma a watanni ukun farko.

Hanyar da aka fi sani ita ce cikon ƙashi. Ana tsaga dasashi, a zuba garin ƙashi, a rufe da wata 'yar fata, a ɗinke, sannan a jira wata 4 zuwa 9 ya kama. Ƙashin na iya zama naka, a ɗebo daga haɓa ko ƙarshen muƙamuƙi, ko na saniya, ko na haɗin masana'anta. Wasu daga cikin fatun rufin daga alade ake yin su, don haka wanda abin zai dama ya tambaya tun kafin ya kwanta a kujera. Ciko na faɗaɗa ƙashi sosai, amma wajen ƙara masa tsayi yakan ba likitoci wahala, ga kumburi ga ɗinki.

Ɗaya hanyar kuwa, da haƙorin da ya lalace ake amfani kafin a rabu da shi. Tsakanin saiwar haƙori da ƙashi akwai siraran jijiyoyi da ke riƙe da ita. In aka sa waya, irin wadda ake ɗaura wa haƙora don daidaita su, aka riƙa jan haƙorin waje a hankali, kamar milimita ɗaya a wata, jijiyoyin na miƙewa, jiki kuma ya riƙa gina sabon ƙashi a bayansu, dasashi ma ya biyo. Duk zuwan da ka yi asibiti, likita zai ɗan goge kan haƙorin don kada ya tokari wanda ke fuskantarsa, shi ya sa sau da yawa ake fara kashe jijiyar da ke can cikin haƙorin, ba waɗanda ke riƙe da saiwar ba. Bayan an gama ja, sai a riƙe shi wuri ɗaya na wasu watanni har sabon ƙashin ya yi ƙwari, sannan a cire shi a dasa ƙusa. A ganina, ga haƙoran gaba, inda dasashi ke bayyana in mutum ya yi dariya, wannan ta fi ciko kyan sakamako, domin tsayi take ƙarawa, kuma da naman jikinka. Sai dai tana da sharaɗi: saiwar ba ta da ruɓa mai ruwa a ƙarƙashinta, ba ta manne da ƙashi ba, kuma akwai sauran jijiyoyi masu lafiya a gindinta. In an riga an cire haƙorin, zancen ya ƙare.

Waya na da wani aikin da ciko ba ya iya yi. Giɓin da ya daɗe, haƙoran gefe kan karkato su cinye shi. Ƙusa mai kaurin milimita 4 na bukatar tazarar milimita ɗaya da rabi ta kowane gefe, wato kusan milimita 7. In babu, sai waya ta miƙar da maƙwabta, har saiwoyinsu. Dole a yi wannan kafin dashe, domin ƙusa in ta haɗe da ƙashi ba ta sake motsi. Dalilin ke nan ma ba a dasa wa yaron da bai gama girma ba: muƙamuƙinsa zai ci gaba da girma, ƙusar kuwa tana nan inda aka sa ta.

Wajen kuɗi, kada ka kwatanta farashin waya da na ciko kawai. Nemi jimillar aikin a rubuce: hoton ƙashi mai nuna kauri, kashe jijiya, zirga-zirgar wata-wata, ƙusa, da hular da za a ɗora mata, wato haƙorin da za a riƙa gani. Tambayi kuma ko bayan wayar za a sake bukatar ɗan ciko, don hakan na faruwa. Mai shan sigari da mai ciwon suga da bai daidaita ba, kowace hanya suka bi, su fara da maganin wannan. Kuma ka nemi likitan waya da likitan dashe su ga hoton tare kafin a taɓa haƙorin.