Ofishin masu zanen da ya yi mana gidan jar ƙasa, abin da na gani

Duk wanda zai ba mai zanen gini aikin gida irin na gargajiya, ya fara tambayarsa, gargajiyar nan a jikin ginin take ko a fuska kawai? Don yawancin abin da ake tallatawa yanzu bulon siminti ne da rodi, sai a manna baka a bakin ƙofa, a ɗora ƴar kubba ta ado a sama, a shafa fenti ruwan ƙasa a ce wai an dawo da ginin kaka da kakanni, ciki kuwa zafi kamar tanda sai an kunna esi. Ofishin da muka ba aikin gidanmu gaskiya ba haka suka yi ba, shi ya sa nake ganin sun cancanci a faɗi alherinsu duk da akwai inda suka ɓata min rai sosai.

Kafin su ja layi ko ɗaya sai da suka zo filin suka duba ta ina rana ke faɗuwa, ta ina iska ke kaɗawa, suka ɗebi ƙasar wurin suka kai gwaji. Bulon da suka zaɓa na ƙasa ne da ake matsewa da inji, ba a gasa shi, siminti kaɗan ake zubawa wajen kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, sannan a lulluɓe shi da leda ana yayyafa ruwa kusan sati huɗu kafin a ɗora. Injin hannun ma ba sabon abu ba ne, a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka ƙirƙiro irinsa tun shekarun 1950, ana ce masa CINVA-Ram. Bangon suka yi shi da kauri, kuma nan sirrin yake, zafin rana yana ɗaukar awanni kafin ya ratsa, kafin ya iso ciki dare ya yi an buɗe tagogi. Da azahar in ka dafa bangon falo da tafin hannu sanyi za ka ji wallahi, alhali ta waje ko jingina ba ka iyawa.

Rufin kuma dabarar Francis Kéré suka bi, ɗan Burkina Faso ɗin nan da ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001, ya kuma ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022, ɗan Afirka na farko da ya samu. Ana ɗaga kwano sama a bar rata tsakaninsa da silin, iska na wucewa tana kwashe zafin, bakin kwanon kuma ya fito waje sosai don kar ruwan sama ya riƙa dukan bango. Ni wannan ne gargajiya mai ma'ana, a ɗauki hikimar da, a haɗa da ƙarfe da lissafin injiniya. Wanda ke ganin bulo da kubba kayan talauci ne ya tuna masallacin Ƙuba na Madina da aka sake ginawa a 1986, Abdel-Wahed El-Wakil ne ya zana shi, almajirin Hassan Fathy, mai zanen ginin ƙasa na Masar.

Shi kansa Fathy ɗin akwai darasi a labarinsa, ƙauyen Sabuwar Gurna da ya gina kusa da Luksor a shekarun 1940 da magina ƴan Nubiya, gini mai kyau amma mutanen da aka yi dominsu da yawa suka ƙi komawa, aikin ya tsaya ba a ƙarasa ba. To su ma ofishin nan suna da ɗan wannan halin na son zanensu fiye da mai gida. Ɗaki ɗaya suka dage sai ƙananan tagogi saboda zafi, na yi magana suka ce in bari in gani, yanzu ga shi da rana tsaka sai an kunna fitila.

Babban laifinsu dai sa ido. Maginan da suka iya wannan bulon ba su da yawa, kuma ofishin ba ya zuwa wurin aiki yadda ya kamata, har wani birkila ya yi wa bangon baya filastar siminti zalla maimakon ta farar ƙasa da aka rubuta a takarda. Bangon ƙasa yana buƙatar ya riƙa fitar da danshi, siminti kuwa kulle shi yake yi, ruwa na sauka filastar ta kumbura ta fara ɓantalewa faifai-faifai, abin ya yi min ciwo don an sha wahala a bangon nan. Sun gyara da kuɗinsu amma sai da aka kai ruwa rana. Waya da fayif ma dole a tsara hanyarsu tun a zane, ba a zo daga baya ana sassaƙar bulo ba.

Zan iya tura mutum wurinsu, amma ya sa a rubuce cewa akitek ɗin da kansa zai tsaya ranar filasta da ranar ɗora rufi, kuma kafin ya sa hannu ya ce su kai shi wani gida da suka gina wanda ya ci damina biyu ko uku, ya zagaya bayansa ya duba gindin bango.