Injin 5.3 na gwanjo a cikin Impala ta 1967

Injin da nake magana a kansa sunansa LM7, mai silinda takwas, lita 5.3, wanda General Motors ya riƙa sakawa a Silverado, Sierra, Tahoe, Suburban da Yukon daga 1999 zuwa 2007. Nawa na 2002 ne. Daga wata Tahoe da aka daka ta baya aka ciro shi, yanzu kuma yana zaune a gaban Chevrolet Impala ɗina ta 1967. Na tuƙa ta da shi a cikin gari da doguwar hanya, da zafi da sanyi, har ɗokin sabon abu ya sake ni. Abin da na gani shi ne injin ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba. Abubuwan da ke kewaye da shi su ne masu cin aljihu, kuma su ne ba a cika faɗa wa mutum ba kafin ya fara.

Motar ta zo da injin 283, wato lita 4.6, mai kafireta, da giyar Powerglide mai hawa biyu kacal. Ina son injin nan, ban cire shi don raini ba. Ya gaji ne: hayaƙi shuɗi da safe, bakin mai yana raguwa, in ya yi zafi aka kashe shi sai an lallaɓa kafin ya tashi. A takarda ƙarfinsa doki 195 ne, amma awo ne irin na da. Kafin 1972 kamfanonin Amurka suna auna inji tsirara, ba salansa ta ainihi, ba kayan da yake juyawa a cikin mota, don haka abin da ke isa taya bai kai haka ba. LM7 na 2002 doki 285 ne da awon zamani, sanye da kayansa. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi abin da lambobin suka nuna.

Dangin wannan inji sun fara ne da LS1 a Corvette ta 1997. LM7 shi ne ɗan'uwansa na aikin ƙarfi: bulok na ƙarfe, kawunan silinda na alminiyam, kwayil ɗaya ga kowace silinda, babu distiributa. An ƙera shi da yawan gaske, shi ya sa yake da araha, kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu.

Shawarar da ta fi kowace cece ni ita ce ta bakaniken da muka yi aikin tare. Ya ce kada in sayi inji shi kaɗai. In saya da giyarsa, da kwamfutarsa, da wayoyinsa ba a yanke ba, da altaneta da kik da famfon sitiyari da na'urar auna iskar da ke shiga, duk daga mota ɗaya. Mai sayarwa ya fi sauƙin rangwame in za ka kwashe gaba ɗaya, kuma kowane ƙaramin abu da ka bari a can sai ka saye shi daban da tsada. Mun je da ma'aunin matsin silinda, muka gwada takwas ɗin, suka fito kusa da juna. Muka buɗe murfin bawul ɗaya, ciki fes, ba daskararren mai.

Akwai wani abu da ya kamata mai saye ya sani. Injin lita 4.8 da na 5.3 kamanninsu ɗaya daga waje, mai sayarwa ma kansa yana iya ruɗewa. In motar tana nan, duba harafi na takwas a lambar shasi: T na nufin LM7, V na nufin 4.8. In babu motar, cire fulogi ka leƙa da fitila. Saman fistin na 4.8 a shafe yake, na LM7 yana da ɗan kwarmi.

Inji mai shekaru sama da ashirin yana da wuraren da aka san suna gajiya, kuma gyaransu yana da sauƙi tun yana ƙasa. Akwai na'urori biyu masu jin ƙwanƙwasar inji a cikin kwarin da ke ƙarƙashin bututun shigar iska. Ruwa kan taru a ramukansu su yi tsatsa, sai kwamfuta ta rage ƙarfi. Mun canza su. Mun canza zoben robar da ke bakin bututun tsotso bakin mai, ɗan abu ne da bai kai zoben yatsa nauyi ba, amma in ya bushe famfo yakan tsotsi iska, matsin mai ya faɗi. Sai sil na bayan karanshaf, da famfon ruwa, da kusoshin salansa na gefen kai waɗanda suka saba karyewa a ƙarshen layi. Cire karyayyar kusa a inji da ke kan benci aikin sa'a ne. A cikin mota, jikin bango, labari ne daban.

Daga nan aka shiga sashen da kuɗi ke zurarewa.

Kaskon bakin mai na Tahoe yana da zurfi, don an yi shi ne wa mota mai tsayi. A Impala yana leƙowa ƙasa da ƙarfen da ya gitta shasi, wato shi ne abu na farko da zai daki dutse. Dole aka nemo na Camaro na 1998 zuwa 2002, wanda bai kai shi zurfi ba. Kaskon kuma ba ya tafiya shi kaɗai, sai da bututun tsotsonsa, da farantin da ke samansa, da sandar duba mai. Duk wanda ya ce maka ka bar na Tahoe ka riƙa bi a hankali, bai damu da injinka ba.

Faranten da ke haɗa sabon inji da tsoffin kujerunsa su ne abu ɗaya da ya ɓata mini rai da gaske. Wani mai sayarwa a intanet ya tallata su da cewa ɗaurawa kawai za a yi. Da suka iso, ramukan gefe ɗaya ba su hau ba, ƙarfen kuma siriri ne har yana lanƙwasa in an ɗaure kusa. Na rubuta masa, amsar da ya ba ni ita ce in faɗaɗa ramin. Ba zan ɗora inji mai nauyin nan a kan ramin da aka faɗaɗa ba. Araha ba ta ado. Mai walda ya yanka mana wasu daga ƙarfe mai kauri, muka sauke injin a wurinsa, muka auna, sannan aka huda. Wannan ya ba mu damar matsar da shi baya kaɗan, kasko ya kuɓuce wa sandunan sitiyari.

Wayoyi su ne abin da ke tsorata mutane, ni kuma a nan na fi samun gamsuwa. Akwai sababbin wayoyi na haɗi da ake sayarwa, masu kyau da marasa kyau. Ni na kai na asali wurin wani mai wayarin mota da ya san waɗannan injuna. Ya warware su gaba ɗaya a kan tebur, ya zare duk wayar da ba ta da aiki a tsohuwar mota, ya sa ƙaramin akwatin fiyus da rile, ya naɗe su da kyau, ya manna suna a kan kowace waya da ta rage a sake. Abin da ya bar mini in haɗa bai wuce na batir, na makulli, na famfon mai, na fanka, na birki da na mitoci ba. Ya kuma shiga kwamfutar ya kashe tsarin hana sata da ake kira VATS. Wannan tsarin yana jiran sako daga jikin Tahoe, in bai ji ba injin zai tashi na daƙiƙa biyu ya mutu. Mutane da yawa sun sayi sabon famfo da sababbin nozul saboda wannan, alhali ba abin da ya lalace. Aikin mutumin nan ya ɗauki lokaci fiye da yadda ya ce, amma tun da aka haɗa ban sake taɓa waya ɗaya ba. Filogan kamfani na asali, masu robar hana ruwa, sun fi na yawancin wayoyin araha inganci, kuma ka riga ka biya kuɗinsu tare da injin.

Na 2002 yana da wani sauƙi: totur ɗinsa na kebul ne. Daga wajen 2003 manyan motocin suka koma totur na lantarki, wanda sai ka ɗauko fedarsa da ƙaramin akwatin da ke sarrafa ta. Yana aiki lafiya, sai dai ƙarin kaya ne da ƙarin wurin ɗaurawa.

Sai mai. Kafireta tana shan fetur da matsi kaɗan, wajen psi 5 zuwa 7. Wannan injin psi 58 yake so. Tsohon tiyo da tsoffin maɗaurai ba za su ɗauka ba, kuma fetur mai fesowa kusa da salansa gobara ce. Ban yarda a yi tsimi a nan ba ko kaɗan. Tsohon tanki kuma ba shi da shinge a ciki, in mai ya yi ƙasa ka sha kwana sai ya gudu gefe, famfo ya shaƙi iska, inji ya yi tari. Kafireta ba ta damu ba don tana da ɗan ma'ajinta, nozul ba su da shi. Na sayi tankin da aka yi da shinge da famfo a ciki, aka ja layi biyu, na zuwa da na komawa, don injin 2002 yana mayar da rarar mai tanki. Bayan injin da giya, wannan ne abu mafi tsada a aikin, kuma da za a sake, shi zan sake saya.

Sanyaya inji bai ba mu wahala ba, in ban da ɗan siririn bututun tururi da ke fitowa daga gaban kawunan silinda. Wasu kan toshe shi don ba su san inda za su kai shi ba. Aikinsa fitar da tururin da ke taruwa a saman kai, in an toshe wurin yakan yi zafi fiye da sauran. Mun haɗa shi da tiyon lagireto na sama.

Giyar da ta zo da injin, 4L60E, ita ce ta sauya halin motar fiye da injin kansa, abin da ban zata ba. Hawa huɗu ne. Na farko 3.06 ne, wato inji ya juya sau 3.06 kafin farfela ta juya sau ɗaya, Powerglide kuwa nata bai kai 2 ba, don haka mota mai nauyin Impala tana tashi daga tsaye ba nishi. Na huɗu 0.70 ne, wato a gudu ɗaya a babbar hanya juyin inji ya ragu da kashi 30 cikin ɗari. Ƙara ta ragu, zafi ya ragu, ziyarar gidan mai ta ragu sosai. An san wannan giya ba ta son zafi da duka, kulocin hawa na uku da na huɗu shi ke fara tafiya, shi ya sa na ƙara mata ɗan lagireton mai a gaba. Sai da aka matsar da ƙarfen da take zaune a kai, aka kai farfela aka rage tsawonta aka daidaita ta. Mitar gudu ta Impala da kebul take aiki, giyar kuma siginar lantarki take bayarwa, sai an sa ƙaramar na'ura a tsakani. Mitar zafi da ta matsin mai ma sai da mahaɗi, don zaren kusoshin sabon injin na milimita ne, na tsohuwar motar na inci. Irin waɗannan ƙananan abubuwa, kowanne ba komai ba ne, amma da na tara takardunsu sun kusa kamo kuɗin injin.

Birki ba ya cikin injin, amma yana cikin lissafin. Impala ta zo da birkin dirom a ƙafa huɗu. Motar da yanzu take kai gudu cikin rabin lokacin da ta saba ba za a bar ta da birkin da ke dushewa in ya yi zafi ba. Na sa na faifai a gaba, wannan kuma ya tilasta mini barin ƙafafun inci 14 in koma na 15. In kuɗinka bai kai inji da birki tare ba, fara da birki, injin ya jira.

Yau in na murɗa makulli tana tashi nan take, ko ta kwana cikin sanyi ko yanzu aka kashe ta da zafi. Ba bugun totur, ba warin fetur a gareji. Akwai soket na OBD2 a ƙarƙashin dashbod, in fitila ta kama sai in jona na'ura ta gaya mini wace sansa ce ke kuka. Ina iya ba wani makullin ba tare da na koya masa dabarun tayar da ita ba.

Na yi asarar wasu abubuwa, kuma ina jin su. In aka buɗe bonet, ba kyan gani: baƙin bututun iska na roba, dogo, da kwayiloli jere a kan murfin bawul. Tsohon 283 mai fentin ruwan lemo ya fi shi kyau ƙwarai. Ana iya sa bututun LS1 wanda ya fi gajarta da tsari, amma yakan jawo canjin nozul da wasu kayan gaba, ni kuma na ga na babbar mota yana ba da ƙarfi mai kyau a ƙananan juyi, inda mota mai nauyi take buƙata, sai na bar shi. Sautin ma ya canza, ya yi santsi, rawar nan ta tsohon inji a tsaye ta tafi.

Wanda motarsa ke da injinta na asali mai lamba ɗaya da shasi, musamman irin waɗanda ba a ƙera da yawa ba, ba na ba shi shawarar wannan aiki, don darajarta na cikin asalinta. Tawa Impala ce gama-gari, duk da haka ban yanke komai a shasi da ba za a iya mayarwa ba, kuma 283 ɗin yana nan a ajiye da giyarsa. Kafin a sayi ko kusa ɗaya, a bincika dokar inda ake game da canjin inji, hayaƙi da rajista, a kuma sanar da kamfanin inshora.

In za ka nema, tsaya a kan na 1999 zuwa 2006. Yawancin 5.3 na bayan nan suna da tsarin kashe silinda huɗu don tsimin mai, wanda cire shi yadda ya kamata sai an buɗe inji an canza kamshaf da abin da ke hawa kansa. In kuma 4.8 mai lafiya ka samu da araha, ɗauka. Kasko ɗaya, kujeru ɗaya, wayoyi ɗaya, ƙarfinsa kuma bai gaza na 5.3 da abin da za ka ji a tuƙin yau da kullum ba.