Yaƙin Bosniya a Bakin Yaro: Sharhi a kan Littafin Saša Stanišić

Littafin da Saša Stanišić ya fara fitarwa, wanda sunansa yake nufin yadda soja yake gyaran garmaho, ya fito da Jamusanci a shekarar 2006, ni kuwa fassarar Turanci ta Anthea Bell na saya na karanta, wadda ta fito a 2008 da sunan How the Soldier Repairs the Gramophone. An haifi marubucin a garin Visegrad da ke gabashin Bosniya a 1978, mahaifiyarsa Musulma ce 'yar Bosniya, mahaifinsa kuma Basabiye, sannan yana da shekara 14 suka tsere zuwa Jamus. Jarumin littafin, Aleksandar, asalinsu ɗaya da marubucin, garinsu ma ɗaya, amma ƙagaggen labari ne, kuma a haka ya kamata a karanta shi.

Labarin ya buɗe da rasuwar kakan yaron, Slavko, tsohon ɗan jam'iyyar gurguzu mai ƙaunar Tito, tsohon shugaban Yugoslabiya, wanda ajali ya same shi a gaban talabijin daidai lokacin da Carl Lewis yake kafa tarihin tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.86 a Tokyo a 1991. Kakan ya bar wa jikansa hular masu dabo da sandarsu, ya kuma bar masa son ba da labari, saboda haka kashin farko cike yake da hirarraki masu ƙarin gishiri: bikin da dangi suka haɗa a ƙauye don murnar gina bayan gida na zamani, da alƙalin wasan ƙwallon kwando da ya kama matarsa da wani mai shago, da kogin Drina da yaron yake yi wa magana tamkar aboki. Na yi dariya sosai a nan, sai dai marubucin ya iya dasa tsoro cikin raha, domin a tsakiyar wani bikin dangi a ƙauyen ne wani saurayi ya zaro bindiga don waƙar da makaɗa suke yi ba ta ƙabilarsa ba ce.

Inda littafin ya fi ƙarfi a ganina shi ne makonnin da sojoji suka shiga garin a cikin 1992, mutanen unguwa suka ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani dogon gini. Yaron bai san siyasa ba, abin da ya lura da shi kawai shi ne cewa suna ya zama abin da ke raba mai rai da gawa, akwai sunan da ya dace da wanda bai dace ba. A nan ya haɗu da Asija, yarinyar da aka kashe mutanen ƙauyensu, ya kāre ta da cewa 'yar'uwarsa ce. Sojan da ke cikin sunan littafin kuwa dukan garmahon ya yi har ya fara waƙa, abokansa suka shiga rawa, aka ja wata mata zuwa wani ɗaki aka rufe ƙofa. Stanišić bai bi su ciki ba, bai kuma yi wa mai karatu bayani ba, wannan kamewa tasa ta fi kowane dogon kwatance ɗaga hankali. Wanda ya san tarihin garin zai cike gurbin da kansa: a kan gadar Mehmed Pasha Sokolovic, wadda Daular Usmaniyya ta gina a ƙarni na 16, aka riƙa kashe Musulmi ana jefa su cikin Drina, a watan Yuni na 1992 kuma aka ƙona mutane da ransu a cikin gidaje biyu, laifin da kotun laifukan yaƙin tsohuwar Yugoslabiya da ta zauna a Hague ta yanke wa Milan Lukić, jagoran wasu mayaƙan Sabiyawa, ɗaurin rai da rai a kansa a 2009.

Bayan iyalin sun isa birnin Essen na Jamus, littafin ya koma wasiƙu. Aleksandar yana rubuta wa Asija, alhali bai san sunan mahaifinta ba, bai san ko tana raye ba, yana dai aika takardun zuwa Sarayebo yana canza sunan dangi a bayan ambulan ko Allah zai sa a dace. Duk soyayyar da ke cikin littafin ke nan, babu zance, babu alkawari, sai neman yarinyar da daga baya shi kansa ya fara shakkar ko ta taɓa wanzuwa. Na gamsu da wannan dabara, domin ta nuna illar gudun hijira da ba a cika faɗa ba, wato mutum ya rasa wanda zai tabbatar masa cewa abin da yake tunawa ya faru da gaske. Sai dai a nan ne kuma na ga gazawa. Jamus ta karɓi 'yan Bosniya wajen 350,000, mafi yawansu da takardar zama ta wucin gadi, aka kuma matsa musu su koma bayan yarjejeniyar Dayton ta 1995 da ta kawo ƙarshen yaƙin, amma wahalar iyaye masu ilimi da suka koma aikin ƙarfi, da fargabar kora, duk a gurguje marubucin ya wuce su. Na so a ce ya rage tatsuniyoyin farko ya ba wa mahaifiyar yaron ƙarin shafuka.

Karatun ba mai sauƙi ba ne. Babu alamar zance a maganganun mutane, masu ba da labari suna canzawa ba sanarwa, sunaye sun yi yawa, akwai ma wani ɗan littafi a cusa a tsakiyar littafin. Babin wasan ƙwallon ƙafa da sojojin ɓangarori biyu suka buga lokacin tsagaita wuta ya rubutu ƙwarai, amma tamkar gajeren labari ne mai zaman kansa da aka liƙa.

Komawar Aleksandar gida bayan shekara goma ta biya ni haƙurin da na yi. Ya zo da jerin sunayen mutane da wurare yana bin su ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da baƙi a gidajen maƙwabta, ya kuma tarar da baffansa Miki, wanda ya yi yaƙi a ɓangaren Sabiyawa, dangi kuwa kowa ya kama bakinsa game da abin da ya aikata. Mai neman labarin soyayya da zai ƙare da aure ba zai samu biyan buƙata a nan ba. Wanda kuma bai san komai game da wargajewar Yugoslabiya ba, gara ya fara karanta taƙaitaccen tarihin yaƙin 1992 zuwa 1995, domin littafin ba ya tsayawa ya bayyana wane ne yake yaƙar wane.