Vermilionville a Lafayette: inda ya dace a kai yara in ana son ganin al'adun mutanen Kejun

Duk wanda ke zaune a Houston ta Amurka ko kewayenta kuma yana neman inda zai kai iyali a mota ba tare da an kwana a hanya ba, ni dai shawarata ita ce ya hau babbar hanyar I-10 ya miƙe gabas zuwa Lafayette a jihar Luwiziyana, tafiyar kamar awa uku da rabi ce in babu cunkoso. Mutane da yawa in an ce Luwiziyana sai hankalinsu ya tafi New Orleans, to gaskiya can wajen shagalin manya ne, in da yara kake tafe Lafayette ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, kuma nan ne ainihin cibiyar mutanen Kejun ɗin.

Wajen da nake son yin magana a kai shi ne Vermilionville, wani ƙauye da aka tsara a bakin rafin Bayou Vermilion aka buɗe shi a 1990, yana nuna yadda mutanen yankin suka rayu daga 1765 zuwa 1890. Su Kejun asalinsu Faransawa ne da suka zauna a Akadiya, inda yanzu ake kira Nova Scotia a Kanada, Turawan Ingila suka kore su a 1755 suka ƙona musu gidaje aka watsa su a jiragen ruwa, da yawa suka mutu a hanya, wasu kuma suka iso Luwiziyana a 1765 ƙarƙashin jagorancin Joseph Broussard. Abin da ya burge ni shi ne ba su tsaya kan Kejun kaɗai ba, sun haɗa da tarihin Kiriyol, cikinsu har da jikokin bayin da aka kawo daga Afirka, da kuma 'yan asalin ƙasar da aka tarar a wajen.

Ba irin gidan tarihin nan ba ne da za a ce wa yaro kar ka taɓa, kar ka yi magana. Gida gida ake shiga, kuma a ciki akwai masu sana'a cikin tufafin zamanin da, wata tana kaɗi tana saƙa, wani yana sassaƙa, kana tambaya suna ba ka amsa ba ƙosawa. Wata dattijuwa ta ba 'yata auduga ta nuna mata yadda ake cire gurya da hannu, yarinyar nan ta zauna ta duƙufa har sai da muka yi da gaske kafin ta tashi. Bangon wasu gidajen ma da laka aka yi shi, an cuɗa ta da wata ciyawa mai reto a jikin bishiyoyi aka cusa tsakanin katako, kamar dai yadda maginanmu ke kwaɓa ƙasa da ramno. Akwai kuma ɗan jirgin fito da ake ja da igiya a haye rafi, yara da kansu suke ja, nan kam sai da aka yi ta maimaitawa.

Amma ɗakin makarantar ne ya fi tsaya min a rai. A jikin allo an rubuta da Turanci layi bayan layi cewa ba zan ƙara yin Faransanci a makaranta ba, irin horon da ake ba yaran Kejun bayan tsarin mulkin jihar na 1921 ya wajabta koyarwa da Turanci. Haka aka yi ta dukan yara ana kunyata su har iyaye suka daina koya wa 'ya'yansu yaren, sai a 1968 jihar ta kafa hukumar CODOFIL don farfaɗo da shi. Duk mai renon yara a ƙasar waje yana fama da su kan su yi Hausa a gida, wallahi ya kamata ya tsaya da su gaban allon nan ya yi musu bayani. 'Yan uwanmu na Nijar kuma za su ji daɗi, don wasu ma'aikatan suna jin Faransanci, ko da yake nasu ya ɗan sha bamban.

Ranar Lahadi da rana ana kiɗa da rawa, akodiyon da goge, tsofaffi da jikokinsu duk a fili ɗaya, ba wani abin da za ka rufe wa yaro ido. Litinin a rufe suke, a kiyaye. Kuɗin shiga ba tsada kuma yara na da rangwame.

Sai maganar abinci, nan fa sai an buɗe ido a duk faɗin yankin. Girkin Kejun cike yake da naman alade, tsiransu da ake kira boudin da ake tallarsa a kowane gidan mai na alade ne, miyar gumbo da dafa-dukan jambalaya ma galibi da tsiran alade a ciki ko da an rubuta na kaza ne. A wani gidan abinci na bakin hanya an ce mana miyar ta kifi ce zalla, da na matsa da tambaya sai aka dawo daga kicin aka ce romon da tsiran aka dafa shi. Don haka a tambayi romon, ba naman da ke sama kawai ba. Mu dai soyayyen kifi da jatan lande muka fi ci, kuma akwai masallaci a cikin Lafayette kusa da jami'a.

In da sauran lokaci a ƙarasa Avery Island inda ake yin yajin Tabasco tun 1868, bai kai awa ɗaya ba daga Lafayette, akwai lambun Jungle Gardens da ake zagayawa a mota ana ganin kadoji da fararen tsuntsaye. Sai dai kar a je tsakiyar bazara, zafi da gumin Yuli da Agusta ba na wasa ba ne ga sauro, Maris ko Afrilu ya fi, kuma a tafi da maganin sauro da ruwan sha mai yawa don kusan duk zagayen a waje ake yinsa.