Aiki daga gida ko komawa ofis?

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020, ma'aikata da yawa suka koma aiki ta manhajar taron bidiyo ta Zoom daga ɗakunansu. Hukumar ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa kan cutar a Mayun 2023, amma har yau ana ta tambayata: in an ba mutum zaɓi, wanne zai ɗauka?

Ta fuskar kuɗi, gida ya fi sauƙi. Ba kuɗin mota, ba zaman cunkoso, sai dai wuta da data sun dawo wuyanka. Wajen lafiya ma gida ne kan gaba, don cutar numfashi ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki mai cike da jama'a.

Inda ofis ya yi fintinkau shi ne koyon aiki. Sabon ma'aikaci kan leƙa allon na kusa da shi, ya ji yadda manya ke lallashin abokin ciniki a waya, ya tare shugabansa a bakin ƙofa da tambaya. Taron bidiyo da kowa ya kashe kyamara ba ya ba da wannan. Kuma a gida ba a tashi daga aiki. Tsakar dare ma saƙo na shigowa.

Gogaggen ma'aikaci mai ɗakin da zai rufe da intanet mai ƙarfi, gida ya dace da shi. Sabon shiga da wanda gidansa ke da hayaniya, ofis ya fi musu.