Gargaɗi: akwatin "rage shan gas" da ake ɗaura wa ƙananan injinan dizal yaudara ce

Masu injin niƙa, masu injin ban ruwa da masu janareto, a yi hattara. Akwai masu tallar wani ɗan akwati mai wayoyi biyu da fitila mai ƙyaftawa, suna cewa idan aka ɗaura shi a jikin inji zai koma fesa mai da lantarki, shan gas ya ragu da rabi. Ƙarya ce, kuma duk wanda ya taɓa kwance ƙaramin injin dizal samfurin 178F ko 186FA ko S195 ya san dalili.

A irin waɗannan injina kamshaf (sanda mai ƙusumbi da ke juyawa a cikin inji) ne ke tura filanja (ɗan sandan da ke cikin famfon mai), filanja ta matse mai ya bi bututun ƙarfe zuwa nozul (bakin da ke fesa mai), allurar nozul ta ɗaga idan matsin ya rinjayi sifirin ɗinta. A 186FA matsin yana wajen ba 200 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne). Gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, shi ke ƙara mai ko rage shi, shi ma da ƙarfe da sifirin yake aiki. Tun daga tanki har kan fistin babu inda wuta ke ba da umarnin yawan man da za a fesa. To akwatin da aka maƙala wa batir da wa zai yi magana?

Fesa mai da lantarki na gaskiya yana nan. Denso ya sa shi a manyan motocin Hino a 1995, Bosch kuma a motar Alfa Romeo 156 a 1997, kuma yanzu ya sauko har kan injina masu silinda ɗaya irin 1B30E da 1B50E na kamfanin Hatz na Jamus. Amma sai da ƙwaƙwalwar inji, wato 'yar kwamfutarsa, da sensa mai karanta juyin kiranshaf, da bawul mai maganaɗisu da ke buɗewa da rufewa a kan lokaci. A tsarin da injektoci, wato masu fesa mai cikin silinda, ke sha daga bututu guda, matsin yakan kai ba 1,600 zuwa 2,000, don haka famfon ma daban ne. Daga masana'anta ake ƙera inji a haka.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne dabarar da suke yi don mai inji ya ga canji. Yayin ɗaurawa sai su taɓa sukurun da ke iyakance mai, wanda masana'anta ke rufewa da hula ko waya, su rage shi. Ranar farko hayaƙi ya ragu, gas ya daɗe a tanki. Da an zuba masara a injin niƙa ko an kunna famfo sai inji ya durƙushe, janareto ya kasa riƙe wuta, aikin awa ɗaya ya koma na awa ɗaya da rabi. Wasu kuma gwamna suke taɓawa, gudun janareto ya sauka ƙasa da 3,000 a minti, wuta ta yi rauni ta ƙona firji.

Kafin ka ba da kuɗi, auna da kanka. Cire tiyo daga tanki, sa shi a kwalbar lita ɗaya mai alama, ɗora wa inji kayan da ya saba ɗauka, ka duba agogo. Maimaita da akwatin a ɗaure, da kaya iri ɗaya, kuma kada mai talla ya riƙe sifana ko sukudireba. Ƙaramin injin dizal mai lafiya yana shan wajen sulusin lita a kan kowane kilowat ɗaya na aikin awa guda. Idan naka ya zarce haka sosai, duba filtar iska, gibin bawul da nozul mai ɗiga.

Masu injinan da ke fesa mai da lantarki na gaskiya su ma ana cutarsu, da tsohuwar injekta da aka wanke aka sa a sabon kwali. Kowace injekta ta Bosch ko Denso da ake shigar wa ƙwaƙwalwa tana da lambar gyaranta a kai, kuma lambar ta bambanta daga wannan zuwa waccan. Idan ka ga huɗu da lamba iri ɗaya, jabu ne, ka ajiye. Duba kuma mazaunin washar jan ƙarfe da bakin zare, sawun ɗauri ba ya ɓuya. Bayan an ɗaura, a sa siraran tiyo a hanyar komawar mai zuwa kwalabe masu girma ɗaya, a bar inji a silo. Wadda kwalbarta ta riga sauran cika nesa ba kusa ba, bawul ɗinta ya ci. Injekta mai ɗiga tana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ta tsinka shi, har ta huda fistin.

Kada kowa ya sassauta bututun matsi inji na aiki, ko ya sa yatsa yana neman yoyo. Gas a wannan matsin yana huda fata, kuma wanda ya same shi asibiti za a kai shi nan take, ko da ramin bai fi tsinin allura ba.